Shayin da Na Zuba wa Baba

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da "Tomke, yaya jikin Baba?", na gode, ku kuma yafe min shirun da na yi. Ba rashin lokaci ba ne, kunya ce ta riƙe min hannu. Yau dai ranar wanka ce, ba zan ɓoye cibi ba. In kun gama karantawa, mai zagina ya zage ni, ba zan goge ko ɗaya ba.

Ga wanda yau ya fara bibiyata: shekarata ashirin da bakwai, ni kaɗai iyayena suka haifa. Mahaifina, Eilert Poppinga, makiyayi ne, tumakinsa ɗari uku ke kiwo a kan ganuwar da ta tare teku daga ƙauyenmu. Matakala ashirin da biyu ake hawa zuwa samanta, kuma ina ƙarama da gudu yake haye su, ni a kafaɗarsa. Tun lokacin kaka ya fara tsayawa a ta goma sha biyu, wai yana duba hadari. Ni dai ban taɓa jin hadarin da ba ya ganuwa sai an dafe ƙirji ba.

Da ƙyar da siɗin goshi ni da Mama muka ja shi asibiti. Suka tura shi cikin na'urar nan mai kama da ƙaton zobe, suka ɗauki hoton hanyoyin jinin zuciyarsa. Likita Saathoff, wata doguwar mata mai guntun gashi da ba ta san kwana-kwana ba, ta juyo mana da allon, ta nuna wani wuri da bakin biro.

"Kun ga nan da ya tsuke? Hoto yana nuna min ƙuncin hanya, amma ba ya gaya min ko jinin da ke wucewa yana isar zuciya. Wata hanyar a ido ta matse amma tana ciyarwa, wata a ido ba laifi amma zuciyar yunwa take ji. Taka a tsakiya take, sai na auna."

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Za a zura wani silin ƙarfe mai kaurin gashi ta wuyan hannunsa har ya wuce wurin ƙuncin, ya auna ƙarfin jini kafin wurin da bayansa. Za a yi masa allurar da ke buɗe hanyoyin jini kamar yana hawan ganuwa da gudu. In daga ɗari abin da ke ƙetarewa tamanin ne ko ƙasa, a saka masa ɗan bututun raga ya tokare wurin. In ya haura tamanin, ƙwayoyi kawai, ya koma gida.

"Sai dai awa ashirin da huɗu kafin awon, ba gahawa, ba cakulan, ba shayi."

"Ba me?" in ji Baba.

"Shayi."

"Baiwar Allah, ranar da aka binne mahaifina ma sau huɗu muka sha." Ya juya hularsa a hannu. "To in mutum ya sha fa? Mutuwa zai yi?"

"A'a. Shayi yana danne allurar. Sai lambar ta fito da kyau fiye da gaskiyarta, in sallame ka alhali akwai aiki."

Baba ya ce, "Uhm." Na ɗauka ƙorafin tsoho ne. Ku riƙe min wannan uhm ɗin.

Yanzu Korbinian, saurayina, wanda nake kira Korbi. Ɗan kudu ne, daga ƙasar duwatsu, yana gyaran injinan iska masu ba da wutar lantarki da ke tsakiyar teku, sati biyu a ruwa, sati biyu a tudu. Shekara biyu da suka wuce na fara kawo shi gida. Mama ta fito da kofunan kakata masu zanen jar fure, ta jefa masa dunƙulen sukari, ta zuba shayi a kai ya yi ƙas-ƙas, ta kwantar da kirim ɗin madara a gefe har ya taso kamar gajimare. Sai bawan Allah ya ɗauki cokali ya juya. Ya juya, jama'a! Kamar mai dama kunu, alhali a wajenmu ba a juya shayi. Ya shanye a kurɓi biyu, ya yi murmushi ya ce, "Ko akwai gahawa?"

Baba ya ɗauki hula ya fita. Daga ranar sunansa ya koma Mai Gahawa, kuma duk zuwan da zai yi sai an sami tunkiyar da ba ta da lafiya. Ni na san ba cokalin ne kaɗai ba. Baba tsoro yake ya kwashe ni zuwa kudu, tumaki su rasa magaji. Mama kuwa ta ɗaya kunnen take cina: "Shekara ashirin da bakwai, Tomke. Ko ki shawo kan ubanki ko ki sallami yaron mutane." Shi kuma Korbi bai yi zuciya ba. Daga tsakiyar teku yake turo min hoton kofin roba da kirim a ciki, ya rubuta, *Gajimaren yau ya yi?* Bai taɓa yi ba, amma ina ce masa saura kaɗan.

Awon ya kama Laraba ƙarfe biyu na rana. Ranar Talata da yamma Baba na zaune gaban kofin ruwan zafi kamar mai zaman makoki, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wannan Mai Gahawan naki yana tudu?"

"Yana nan, Baba."

"Ki ce ya zo gobe kafin sha ɗaya ya kai mu. Motata warin tumaki take."

Saura kaɗan faranti ya suɓuce min. Na shige ɗaki da gudu.

*Baba ya ce KAI za ka kai mu gobe.*

*Ni? Ya ambaci sunana?*

*Ya ce Mai Gahawa.*

*Ya isa! Wace riga zan sa?*

Ya zo sha ɗaya saura kwata cikin farar riga da ya goge har tana ɗaukar ido, an yi masa aski, kunnuwansa sun yi ja don sanyi. Ni na sa rigar sanyina koriya da ya ce tana yi min kyau. Baba ya fito cikin shuɗiyar rigarsa mai ratsi da hular zuwa coci, 'yar jakarsa a bakin ƙofa. Korbi ya yi gaisuwar yankinmu, "Moin." Baba ya ce, "Moin." Ya dubi agogon bango.

"Sha ɗaya ta yi. Ba a barin gidan nan sha ɗaya da baƙo a tsaye. Gesine, ɗora ruwa."

Mama ta tsaya cak. "Eilert, takardar asibitin fa?"

"Takarda ce ta aure ki ko ni?"

Ta ɗora. Ta fito da kofunan kakata, waɗanda tun ranar cokali ba su sake ganin Korbi ba. Ta kunna kyandir ƙarƙashin buta, ta jera kofi huɗu, sannan ta zauna ta harɗe hannuwa. Ba za ta zuba ba. Shekara talatin ba wanda ya taɓa butar nan sai ita.

Baba ya ce, "Ba ke nake jira ba. Tomke, baƙonki ne. Ke za ki zuba."

Ku fahimce ni, don Allah. Shekara biyu ina jiran wannan maganar. Na yi kuka a kanta a bayan rumbun ciyawa, na yi faɗa da Korbi a kanta, na yi mafarkinta. Ga ta an ajiye min a tebur, ga kuma takardar asibiti a ninke cikin aljihuna, na san abin da ke cikinta kamar sunana. Korbi bai san komai ba, don ban taɓa gaya masa dokar ba. Yana ta washe baki yana kallona. Zuciyata ta ce, kofunan nan ƙanana ne, me ɗaya zai yi?

Na tsallake kofin Baba na zuba wa Korbi. Baba ya turo nasa gabana da yatsa ɗaya.

"Mai gida ba ya kallon baƙo yana sha."

Na zuba. Da hannuna, ba wanda ya murɗe min shi. Sukarin ya yi ƙas-ƙas, kuma a ɗakin ba ka jin komai sai wannan ƙarar.

Korbi ya kwantar da kirim a gefen kofi, gajimaren ya taso. Bai taɓa cokali ba. Ya kurɓa a hankali. Baba na lura da shi ta ƙasan gira.

"Wa ya koya maka?"

"Shekara biyu ina bita, Malam Poppinga. Abokan aikina sun ɗauka na zare."

"Ba su yi ƙarya ba. Kana jin tsoron tunkiya?"

"Ban taɓa riƙe ta ba."

"Za ta riƙe ka. Tomke, ƙara mana."

A al'adarmu ba a tashi a ƙasa da kofi uku. Na zuba na biyu, na zuba na uku, baƙi wuluk, irin wanda Baba ke so. Sai da ya shanye har sukarin ƙasa sannan ya sa cokali cikin kofi, alamar ya ƙoshi. Ya miƙe ya ce, "Korbinian, ɗauko jakar." Sunansa fa ya kira, cikakke, bai ci harafi ko ɗaya ba. Na juya baya na share ido, kuma in faɗa muku gaskiya, a wannan lokacin daɗi na ji.

A asibiti wata nas mai tabarau ta zo da takardar tambayoyi. Ta ɗaura masa abin awo, ta aske masa wuyan hannu.

"Daga jiya zuwa yanzu, gahawa?"

"Allah ya kiyaye."

"Shayi?"

"A'a."

Ta san halin tsofaffinmu, don haka ta ɗago ta dube ni. "'Yarsa ce ke? Gaskiya ne?"

Baba bai harare ni ba. Da ya harare ni da ya fi min sauƙi. Kallona kawai ya yi, yana kwance cikin rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, ya ƙanƙance. Na ce, "Gaskiya ne."

Awa ɗaya da rabi muka yi a benci. Korbi ya sayo min ruwa, ya riƙe hannuna, ya ce yatsuna kamar ƙanƙara. Da aka fito da Baba, an ɗaure masa wuyan hannu da wata roba mai matsewa, Likita Saathoff ta biyo shi da hotunan. Ta nuna mana jijiyar, baƙa a kan fari kamar saiwar ciyawa, da wurin da ta tsuke.

"Tamanin da uku," ta ce. "Ya tsallake, da ɗan kaɗan. Ba sai na sa bututu ba, ƙwayoyi za su yi." Ta dubi Baba. "Abu ɗaya dai. Yawancin mutane in allurar ta shiga sai su ji kamar an danne musu ƙirji, fuska ta yi zafi. Kai ko gezau. Ka tabbata ba ka sha komai ba?"

"Mu mutanen ganuwa ne, likita. Ba ma raki."

Ta dube ni. Na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

A mota Baba har waƙa ya yi. Ya ce ranar Lahadi Korbinian ya zo shayin ƙarfe uku, a yi magana irin ta manya. Mama ta fashe da kuka a bakin ƙofa da ta ji lambar, kafin mu cire takalma ta kira ƙanwarta tana tambayar yadda ake haɗa kek ɗin da aka yi a nata baikon.

Washegari da hantsi ina wanke bokitan madarar 'yan raguna, waya ta yi ƙara. Hoto ne daga Korbi. Takardar asibiti, a buɗe a kan kujerar motarsa. Ashe ta zame daga aljihuna.

*Wannan layin na uku, na hana shayi. Kin san da shi?*

Na rubuta, na goge, na rubuta. *Na sani.*

*Kuma kika zuba.*

*Saboda kai na yi.*

Ina ganin alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo.

*Kar ki ɗora min wannan, Tomke. Na karanta, lambar nan za ta iya zama ƙarya. Gara yana raye yana kirana Mai Gahawa har in tsufa. In ba za ki kira su ba, ni zan kira.*

*In ka kira ba zai sake kallonka ba har abada.*

*Na sani.*

Ban taɓa sonsa kamar lokacin ba, ban kuma taɓa jin haushinsa kamar lokacin ba. Na rubuta, *Ni na zuba, ni zan kwashe. Ka ba ni zuwa gobe.*

Na sami Mama a kicin tana goge cokulan azurfa. Ban gama magana ba ta ɗaga hannu.

"Likita ta ce tamanin da uku. Ke kin fi likita ne?"

"Mama, ke ma fa ƙin zubawa kika yi."

"Na ƙi, kuma an wuce wurin. Ga ubanki yana cin abinci, yana dariya, ya kira yaron da sunansa. Me kuma kike nema? Ki bari Lahadi ta wuce, ki sa zobe, sai a san abin yi." Muryarta ta karye. "Wan ubanki, Ubbo, da ƙafarsa ya shiga irin wannan ɗakin, a akwati aka dawo mana da shi. Kin manta?"

Ban manta ba. Ina shekara tara, kuma shi ne karo ɗaya da na ga Baba ya bar shayinsa ya huce. Mama ba mugunta take ba, tsoro ne, ta sami lamba ta rungume. Gaba kura, baya sayaki.

Juma'a da safe na hango shi ta taga ya nufi ganuwa, hannun da aka ce ya hutar a cikin aljihu. Na zari rigar ruwana mai ruwan ɗorawa na bi shi. Iska na kaɗawa, tumakin sun yi nauyi, sati uku ya rage su fara haihuwa. Na tsaya a ƙasa ina ƙirga masa matakala. Bai kai sha biyu ba. A ta tara ya tsaya, ya kama ƙarfen gefe, ɗaya hannun ya tafi ƙirji. Jiki magayi.

A nan uhm ɗin nan ya dawo min.

Na hau na tsaya mataki ɗaya ƙasa da shi. "Yaya hadarin, Baba?"

"Yana haɗuwa."

"Da kanka ka tambayi likita abin da shayi ke yi wa awon. A gabana."

Ya kau da kai.

"Motarka ba yau ta fara wari ba. Ka san Mama ba za ta zuba ba, ka san ni ba zan iya ce maka a'a ba in Korbi na zaune. Shi ya sa ka kira shi. Kifi na ganinka, mai jar koma."

"Ki iya bakinki, yarinya."

"Shekara biyu yana bita da kofin roba, Baba! Ka zaunar da shi ya zama murfin tukunyarka?"

Ya zauna a kan matakalar, abin da ban taɓa gani ba. Ya cire hula. Sai da numfashinsa ya daidaita ya yi magana, idonsa a kan tumaki.

"Ɗari uku za su haihu. Wa zai tsaya? Ke kaɗai? Na ce in an gama haihuwa in koma asibiti da kaina."

"Ƙarya ne."

"To ƙarya ne. Ubbo ma cewa suka yi ɗan ƙaramin aiki ne." Ya murza hular. "Kofin farko don tsoro na sha, ban musa ba. Don shi na kira yaron. Amma da na ga ya ƙi taɓa cokalin nan... na ukun nasa ne, Tomke. Wannan ba wasa a ciki."

Na yarda da shi, abin da ya fi ciwo ke nan. Hawaye na zuba, iska na busar da su.

"Sati biyu Korbi zai yi a tudu daidai haihuwa," na ce. "Ka ce tunkiya za ta riƙe shi. Bar ta ta riƙe shi."

"Shi ya sa ki, ko?"

"Shi ya ga takardar. Ya ce gara ka tsane shi kana raye."

Fuskarsa ta haɗe. "Ashe tun bai shigo ba ya fara mulkin gidana." Ya ga na fito da waya. "In kika danna wannan, kin gaya wa duniya ubanki maƙaryaci ne. Kuma ba Lahadi. Ki gaya masa ya koma duwatsunsu ya sha gahawarsa."

Na dubi wayar. Saƙon Korbi ne a sama, na ƙarfe bakwai: *Ina tare da ke ko me ya faru.* A ƙasansa na Mama: *Zoben kakarki na fito da shi, ki zo ki gwada.* Na wuce su duka biyun, na nemo lambar da ke kan takardar, na danna. Na sa a bayyane don ya ji.

Ta yi ƙara sau uku. Muryar nas mai tabarau ce. "Moin, sashen zuciya."

"Sunana Tomke Poppinga," na ce, muryata kamar ba tawa ba. "Ranar Laraba kin tambaye ni ko mahaifina ya sha shayi. Ƙarya na yi miki. Kofi uku ya sha, awa uku kafin awon, kuma ni na zuba masa."

Nas ɗin ta ce, "Yana kusa da ke? Yaya ƙirjinsa yanzu?"

Ban kai ga amsawa ba Baba ya miƙo hannu, wanda aka zura silin ta cikinsa, har yanzu da filasta a wuyansa. Fuskarsa kuwa ba ta gaya min komai ba, ko zai kashe wayar ne, ko zai yi magana.

"Ba ni nan," ya ce.

Nas ɗin na ta cewa, "Kina jina? Kina jina?"

Na miƙa masa.